Bijimi da Ƙarfin Aro

A kan matattakalar bene ya samo sunan Bijimi, yana saurayi. Sabon ɗauka ne a lokacin a kamfanin kwasar kaya, irin waɗanda ake kira idan mutum zai tashi daga gida ya koma wani, su zo da mota su kwashe komai tun daga gado har tsintsiya. Ran nan aka kai su wani dogon bene, ga firiji mai ƙofa biyu ya ƙi juyuwa a lungun matattakala idan mutum biyu suka kama. Ana cikin shawara sai ya ce a ɗaura masa a baya. Aka ɗaura da igiya, ya hau da shi har sama, ya sauke, ya tambaya ko akwai wani. Direban motar ya dube shi ya ce, "Wannan ai ba mutum ba ne, bijimi ne." Shi ke nan suna ya bi shi. Mahaifiyarsa ce kaɗai ba ta karɓa ba. Ita har yau Auta take ce masa, ko da yake sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakinta.

Ya shafe shekara ashirin da ɗoriya a aikin. Ya san nauyin kaya tun kafin ya taɓa su. Ya san kujerar da ta fi kyau ita ce ta fi saurin karya ƙafa, kuma kwalin da mai gida zai ce "littattafai ne kawai" shi ne mai tsinka baya. Ya ga ƙarƙashin gadajen mutane da bayan durowoyinsu, bai taɓa fita da zancen kowa ba. In za a aika su gidan da ake gudun ɓarna, Manaja cewa yake, "A sa Bijimi a gaba."

Bai yi aure da wuri ba. Yayyensa sun watsu, kowa da inda neman abinci ya kai shi, shi aka bari da Inna. Matar da ya aura mai ɗinkin labule ce. Sun haɗu ne ranar da aka aike su su kwashe mata kekunan ɗinki zuwa sabon shago. Ta tsaya a kansa tana ta "a hankali, a hankali", har ya gaji ya ajiye keken ya ce, "In kin fi ni iyawa, bismillah." Ta kuwa naɗe hannun riga ta kama ɗaya gefen. Daga nan aka fara.

Gidansu ɗaki biyu ne da falo, a saman shagon masu gyaran fanka. Bangon da ke tsakanin ɗakinsu da na Inna, in ta yi tari suna ji, in ta juya a gado suna ji. Sun san kuwa ita ma tana jin nasu. Don haka suka saba da yin magana ƙasa-ƙasa, daga baya suka saba da barin maganar gaba ɗaya.

Shekaru suka tura, Mai Labule ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ita ce ta yi ta zaryar asibiti. Aka yi mata hoto, aka ɗebi jini, aka ce ba a ga komai ba, ta zo da mijinta. Da ta faɗa a gida, Inna ta yi dariya har da tafa hannu.

"Autan? Ki dube shi da kyau, 'yar nan. Mutumin da yake goya firiji?"

Shi ma ya yi dariya, ya ce in ya samu sarari zai je. Sararin bai samu ba. Ita kuma ta ci gaba da shan duk abin da aka ce mata yana taimakawa.

Baya ne ya fara kawo ƙara. Da safe sai ya dafa bango yake miƙewa. Akwai wani mai kemis a bakin garejinsu, shi ya ba shi wata ƙwaya mai ƙarfi, ya ce in ya sha ɗaya zai manta yana da baya. Haka kuwa aka yi. Ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama ta kullum, aka kwashe shekaru a haka.

Sannan wani abu ya fara shigarsa a hankali, wanda ya rasa sunan da zai ba shi. Ba ciwo ba ne da zai nuna da yatsa. Gajiya ce da barci ba ya maganinta. Da rana in an tsaya cin abinci, sai a same shi a gaban mota ya kifa kai a kan gwiwa. Tumbi ya fito, damatsa suka saki. Gemun da yake askewa kullum ya koma sai ya ga dama yake tsirowa. Direba in ya yi barkwanci kowa ya kwashe da dariya, shi sai ya ji kamar daga wani ɗaki ake yi. Abin da ya fi damunsa, matarsa za ta shige ta gabansa da ƙamshinta, ya ji kamar kujera ce ta gifta. Yana son ta, bai taɓa shakkar wannan ba. Jikin ne ya yi shiru. Sai ya koma daɗewa a falo gaban talabijin, yana jiran ta yi barci.

Wajen mai kemis ya fara kai zancen, shi ma a kaikaice, wai wani abokinsa ne ke fama. Mai kemis ya yi murmushi ya ce, "Abokin naka ya zo ya kwance wando, akwai allurar ƙarfi." Ya shigar da shi bayan kanta, tsakanin kwalaye, ya tsira masa.

Cikin 'yan makonni Bijimi ya dawo Bijimi. Ya koma hawa bene yana fito. Mai Labule ta ga mijinta ya dawo mata, ba ta tambayi daga ina ba, ta dai fara lissafin kwanakinta a zuci da sabon fata. Kusan shekara guda yana zuwa bayan kanta. Rannan ya je, mai kemis ya ce kaya sun yanke, sai an kawo. Mako ya wuce, wata ya wuce, ba a kawo ba. Gajiyar ta dawo, wannan karon da 'yan'uwanta. Zufa ta riƙa karyo masa ba dalili. Wata safiya ya zauna a bakin gado da takalmi ɗaya a hannu, ya ji hawaye na zubo masa, bai san na mene ne ba.

A cikin wannan hali aka aike su su sauko da wata durowa daga bene. Shi ne a ƙasa, nauyin duk a kansa, kamar yadda aka saba. A tsakiyar matattakala hannuwansa suka buɗe kawai. Durowar ta goge shi ta wuce, ta daki bango, madubinta ya tarwatse. Allah ya sa ba kowa a bayansa. Mai gidan ta yi ta faɗa, shi kuwa yana zaune a kan matakala yana kallon tafukansa. Manaja bai yi masa tsawa ba, wanda ya fi tsawar ciwo. Ya kira shi gefe ya ce, "Ka je asibiti. Kada ka dawo sai likita ya gan ka."

Ya so a haɗa shi da likita namiji, aka ce ya tafi hutu. Wadda ya samu mace ce, sa'arsa ko ta ɗan girme shi, da tabarau a rataye a wuya. Ɗakin ƙarami ne, kujerar marasa lafiya tana da hannuwa, da ƙyar ya shige cikinta.

"Malam, me ke tafe da kai?"

"Ciwon baya ne, Likita."

Ta duba bayan, ta sa shi ya sunkuya ya miƙe. Ta tambayi abin da yake sha, ya faɗi sunan ƙwayar. Ta ɗago ta dube shi.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Barci fa? Ƙarfin jiki? Yaya tsakaninka da iyali?"

"Lafiya lau."

Ta ajiye biro. "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ƙofar nan a rufe take, abin da ka faɗa a nan ya tsaya a nan. Na ji irinsa daga bakin maza da yawa, wasu sun fi ka girman jiki."

Ya dubi ƙofar, ya dubi takalmansa. Sannan ya fara, yana yi yana tsayawa, kamar mai sauko da kaya a matattakala mai duhu. Ya faɗi gajiyar, ya faɗi falo da talabijin, ya faɗi bayan kantar mai kemis. Ba ta katse shi ba. Da ya gama ta tambaya ko suna da yara. Ya ce tukuna. Ta ce suna nema? Ya ce sun daɗe suna nema. Sai ta ce za a ɗebi jininsa da sassafe, a sake ɗiba wata safiyar, kuma za a gwada maniyyinsa. Aka ba shi wata 'yar kwalba a ɗakin gwaji, ya dunƙule ta a hannu kamar wanda ya yi sata.

Ranar da ya koma jin sakamako, Likita ta juyo masa da fuskar kwamfuta, ta ga ba kallo yake ba, ta mayar.

"Akwai sinadarin da jikin namiji yake yi, ana ce masa testostiron. Shi ke riƙe da ƙarfin tsoka, da sha'awa, da kuzari. Naka ya yi ƙasa sosai, duka gwajin biyu. Gajiyar nan ba lalaci ba ce, ba kuma tsufa ba ne kawai."

Ya ji wani sanyi a ransa. Ashe abin yana da suna.

"Ƙwayar da kake sha ta ciwon baya tana cikin abubuwan da ke danne shi, ina zaton daga nan aka faro. Allurar da aka yi ta yi maka kuwa, bisa yadda ka kwatanta, shi sinadarin ne kansa."

"To ai da sauƙi, Likita. Ki rubuta min ta gaskiya, ta asibiti. Na ga aikinta da idona."

"Akwai ta. Akwai allura, akwai na shafawa. Muna ba mutane, suna jin daɗinsa, sai dai mu riƙa duba jininsu kada ya yi kauri. Da ka ce min ka gama haihuwa, da maganarmu ta yi gajarta. Amma ka saurare ni. Jiki ba ya aikin banza. In ya ga ana kawo masa abu daga waje, sai ya kashe injinsa. Kuma injin da ke yin sinadarin nan, a wuri ɗaya yake da mai yin ƙwayoyin haihuwa. In ɗaya ya tsaya, ɗayan ma ya tsaya." Ta cire tabarau. "A gwajin da aka yi maka, ba a ga ƙwayar haihuwa ko ɗaya ba."

Fankar sama tana juyawa. A waje wani yana kiran lambar mai bi. Bijimi ya tuna watannin nan da yake hawa bene yana fito, da yadda matarsa take leƙa kalanda tana murmushi ita kaɗai. Ashe a lokacin da suka fi sa rai, a lokacin ne babu komai.

"Shi ke nan ke nan?"

"Ban ce ba. Yawancin maza in sun daina, yana dawowa. Wani watanni, wani shekara, wani fiye. Akwai kaɗan da ba ya dawo musu yadda yake. Ban kuma san yadda naka yake ba tun kafin allurar, tunda ba a taɓa gwadawa ba. Akwai magani da ke tashin injin jiki ya yi da kansa, ba ya kashe haihuwa, amma yana da jinkiri, kuma ba zai ba ka abin da allura ta ba ka ba. Ƙwayar bayan ma sai mun janye ta a hankali."

"In na bar ƙwaya ba zan iya sunkuyawa ba. In na bar allura ba zan iya ɗauka ba. Aikina ke nan, Likita, sunkuyawa da ɗauka."

"Na sani."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Wato in na yi allura, ga manomi babu iri. In na bari, ko irin ya samu, manomin yana kwance."

Likita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma musa ba. Ta ce, "Kusan haka ne, na ɗan lokaci. Shi ya sa ba zan rubuta komai yau ba. Maganar nan ta mutum biyu ce. Ka zo da matarka."

Bai faɗa a gida ba. Ina ma zai faɗa? A ɗaki bango yana da kunne, a falo Inna tana zaune. Ya ce musu ciwon baya ne, an ba shi hutu. Da safe sai ya sa kaya ya fita, ya zauna a tashar mota yana kallon masu hawa da sauka. Ana cikin haka mai kemis ya kira shi a waya.

"Kaya sun iso, na ajiye maka naka."

Ya je. Ya tsaya a bakin kanta, mai kemis ya ɗaga labulen baya yana jira. Allura ɗaya, mako mai zuwa ya koma gaban mota, Manaja ya sake cewa a sa Bijimi a gaba, a gida kuma a daina kwana baya da baya. Babu wanda zai sani. Mai Labule za ta ci gaba da leƙa kalanda, Inna ta ci gaba da kallonta ta wutsiyar ido. Ya ce a ba shi a hannu, zai dawo. Ya sa kwalbar allurar a aljihu ya kama tafiya, ƙafafunsa suka kai shi shagon matarsa.

Ita kaɗai ce, tana tafe da wani dogon labule ruwan toka a ƙarƙashin allurar keke. Ya zauna a kan bandir ɗin yadi, ya fito da kwalbar ya ajiye kusa da almakashinta.

"Mene ne wannan, Maigida?"

Ya faɗa mata. Bai iya jerawa ba, ya fara daga tsakiya ya koma farko. Ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layin, ta yanke zare, ta ninke labulen.

"Lokacin da kake daɗewa a falo," ta ce, "na ɗauka ni ce na tsufa a idonka. Na canja turare, na canja ɗinki. Har tambayar kaina na yi ko bakina ne yake wari."

"Ba ke ba ce."

"Yanzu na ji. Da can fa?" Muryarta ba ta tashi ba. "Na sha magani har cikina ya daina karɓar abinci. An ce ka zo, ka yi dariya. In Inna ta yi min habaici a gabanka, sai ka ƙara sautin talabijin. Rashin ƙarfi ba laifinka ba ne, ciwo ne, kowa da nasa. Amma shirun fa, shi ma ciwo ne ya sa ka?"

Can ya ce, "Duk abin da kika zaɓa, shi za a yi. In kin ce allura, allura. In kin ce a jira, a jira."

"A'a. Ba za ka sauke min wannan kayan a ka ba, ka koma gefe kana kallo. In na ce a jira, duk ranar da ka kasa tashi, ni ce. In na ce allura, duk jaririn da na gani a hannun wata, ni ce. Tare za mu ɗauka." Ta ɗauki kwalbar ta jefa cikin aljihun tebur, tsakanin zare da maɓallai, ta tura ta rufe. "Yaushe ne ganin likitar?"

Tare suka koma. Aka kawo wata kujera, ɗakin ya ƙara matsewa, gwiwarsa tana taɓa tebur. Mai Labule ce ta yi yawancin tambayoyin, kai-tsaye, kamar mai auna taga.

"In mun jira, tabbas ne?"

"Ba tabbas. Fata dai akwai."

"In ya fara allurar asibiti yanzu, daga baya ya daina mu nema?"

"Zai sake faɗawa ramin da yake ciki yanzu, a sake jira daga farko. Kuma zan gaya miki gaskiya, ke ma lokaci ba ya tsaya miki. Shekarun mace suna da nasu hukuncin."

Mai Labule ta gyara zaman jakarta a cinya. "Wannan na daɗe da saninsa."

Likita ta ce akwai wuraren da ake ajiye maniyyi a sanyi, in an samu, mutum ya fara allurarsa hankali kwance. Amma ba a wannan asibitin ba, kuma hanya ce mai tsada da wahala. Suka dubi juna. A ƙarshe Bijimi ne ya yi magana.

"Mu ba shi shekara."

Aka ɗora shi a kan maganin tashin injin jiki, aka tura shi sashen gashin ƙashi saboda bayan, aka fara rage masa ƙwaya. Watannin farko ba su da daɗin faɗa. Ƙafafunsa suka riƙa rawa, abinci ya fita ransa, ya zama mai saurin fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sau biyu ya je shagon matarsa ya tsaya yana kallon aljihun teburin nan. Ita kuma ta ci gaba da ɗinkinta kamar ba ta gan shi ba, har ya gaji ya zauna.

Manaja ya karɓe shi, amma ba a gaba ba. Aka ba shi naɗe kayan fashewa da kwance gadaje. Ya zama shi ne mai zama a ƙasan kicin ɗin mutane, yana naɗe kofuna a tsohuwar jarida, sababbin ɗauka suna wucewa ta kansa da firiji. Sunan bai canja ba, nan ne abin yake da ciwo. Mai gida zai ji ana "Bijimi, miƙo salatif", ya waiwayo ya ga ƙato zaune da faranti a hannu. Wani ma ya taɓa cewa, "Wannan ƙaton ku ka ajiye yana wasa da kofi?" Direba ne ya tare, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan shi ne injiniyanmu. Ƙarfinsa muna tara shi ne don ranar da za a ɗauke gidan gaba ɗaya." Aka yi dariya. Bijimi ma ya yi, don babu abin yi.

Inna ya faɗa wa da kansa, wata safiya bayan matarsa ta tafi shago. Ya durƙusa a bakin gadonta ya ce, "Inna, maganar haihuwar nan, an gwada. Daga wajena ne, ba daga wajenta ba."

Ta daɗe tana kallon bango. Sannan ta ce, "Auta, rufe min tagar nan, iska tana damuna."

Ya rufe. Kwanaki ba ta ce wa surukarta komai ba sai amsa gaisuwa, kamar surukar ce ta jawo Auta ya faɗi abin kunya. Daga baya fushin ya huce. Ba ta ba da haƙuri ba, ba ta kuma sake yin habaici ba, kuma in maƙwabciya ta ɗauko zancen jikoki, Inna ce take fara canja magana. Mai Labule ta ce wa mijinta, a gidan nan wannan ma ban-haƙuri ne, ta karɓa.

Jiki ya ɗan farfaɗo, ba kamar da ba. Bayan ya yi sauƙi. Akwai safiyar da yake tashi ya ji kamar zai iya, akwai wadda sai matarsa ta janye masa bargo. Tsakaninsa da ita ma haka, wani lokaci a dace, sau da yawa a kwanta kawai ana hira ƙasa-ƙasa, wadda da can ko ita babu.

Da shekarar ta zo ƙarshe aka sake gwaji. Likita ta ce sinadarin ya hau, ko da yake bai kai inda take so ba. Ƙwayoyin haihuwa kuma an gani.

"Kaɗan ne, amma suna motsi."

"Sun isa?" in ji Mai Labule.

"Ana samun ciki da irinsu, ana kuma rasawa. Zai yiwu su ƙaru in an ƙara lokaci. Ba zan yi muku alkawari ba." Ta dubi Bijimi. "Kai ne kake ɗauke da gajiyar, Malam. In ka ce ya isa haka, zan fara maka allura, ba kuma wanda zai ga laifinka."

Da an ce babu ko ɗaya, da sun yi kukansu sun huta, ya karɓi allurarsa ya koma gaban mota. Da an ce sun cika, da sun san abin da suke jira. Sai aka ba su kaɗan, daidai abin da zai hana mutum tafiya, bai kuma isa ya zaunar da shi da daɗi ba.

Suka fito suka zauna a bencin baranda, tsakanin wani tsoho mai sanda da wata mata mai jiran a kira ta. Mai Labule ta ce, "Ka gaji, na sani."

"Na gaji."

"To?"

Ya daɗe yana murza tafin hannunsa. "Ke fa? Za ki iya ƙara jira?"

"Ni jira ai ya zama min sana'a ta biyu."

Ya miƙe, ya ƙwanƙwasa ƙofar Likita, ya leƙa kai ya ce a ƙara musu rabin shekara. Ta ce to, ta sa musu ranar dawowa.

A bakin asibiti suka rabu, ita tana da labulen da za a zo karɓa da yamma. Shi kuma Direba ya riga ya kira, suna wani gida a ƙarshen layi, matar gidan tana da kabad cike da tangaran, ta ce kada kowa ya taɓa sai an kawo mai kama kaya a hankali. Ya tari mota ya tafi.